Fuskokin Da Babu Masu Su

Duk wanda ke bin littattafan Hausa da ake yaɗawa ta waya a 'yan shekarun nan zai lura cewa bangunansu sun soma kama da juna. Labari daban, marubuciya daban, amma yarinyar da ke bangon kusan ita ce dai: fata sumul babu ko ƙurji, idanu dara-dara, mayafi mai sheƙi, wani haske ruwan zinare na zubowa ta bayanta. Ita ce a tallan turaren wuta, ƙanwarta ce a katin gayyatar walima, kuma masallacin da ke cikin hoton barka da Juma'a, wanda ke shigowa waya tun kafin a idar da asuba, daga gidansu ɗaya ya fito. Kyau kam ba a magana. Sai dai in ka tambayi wace ce wannan, babu amsa, domin ba a taɓa haihuwarta ba. In ka tambayi wa ya zana ta, nan ma shiru. Wani ne ya rubuta jimla biyu cikin manhajar ƙirƙirarriyar basira, wadda kowa ke kira AI, ya jira 'yan daƙiƙu, hoto ya fito.

Mu da muka tashi kafin waya ta shiga aljihun kowa, mun san hoto da wari. Kowace unguwa mai kasuwa tana da mai zanen allo, rumfarsa a bakin titi, gabansa gwangwanayen madara da na tumatir cike da fenti, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, gefe kuma kwalbar kananzir da yake wanke buroshi a ciki. Tun daga nesa hancinka zai gaya maka ka iso. Yakan goga wa zare alli, yaronsa ya riƙe baki ɗaya, shi ya ja tsakiya ya saki a kan katako, sai layi ya fito miƙe sambal. Sannan ya tsoma buroshi, ya tallafi wuyan hannunsa na dama da na hagu don kada ya yi rawa, ya shiga harafin farko ko tari ba ya yi. Mu yara mukan yi cirko-cirko muna kallo har a biyo mu daga gida da faɗan aiken da muka manta.

Shi ya yi allon mai aski, kawuna a jere kowanne ya juya gefe yana nuna irin askinsa. Shi ya yi na mai gyaran rediyo da na kemis. Babban aikinsa kuwa a jikin manyan motoci masu bodin katako yake: zaki, mikiya ta buɗe fukafukai, masallaci tsakanin dabinai biyu, da addu'ar neman tsari a goshin motar. A can ƙasa, a kusurwa, da ƙananan baƙaƙe, yakan sa sunansa da sunan layin da rumfarsa take. Ba duka ne gwanaye ba. Akwai wanda zakinsa sai an gaya maka zaki ne, akwai wanda zai rubuta sunan shago da kuskure a bar shi haka shekara goma, kowa ya saba. Kuma kada a ce zamanin ya riƙe su da daraja. Dattawa da yawa ba sa son zanen abu mai rai, malamai sun daɗe suna magana a kan hukuncinsa, shi ya sa ma gwanintar ƙasar nan ta fi zurfi a zayyanar allon sauka, da aikin wuyan riga, da adon bangon soro. Mai zanen allo a gefe yake zaune. Ana yi masa ciniki har ya ji haushi, a biya shi rabi, sauran kuma sai Allah ya hore.

Wanda ya tashe shi daga bakin titi ba AI ba ce. Yaran kwamfuta ne. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 shagunan kwamfuta suka cika garuruwa, CorelDraw da Photoshop suka zama sana'a, sannan injin buga manyan banoni na roba ya zo ya ƙarasa aikin. Allon da ake kwana uku ana yi, sai ga shi ana karɓa da la'asar, da ainihin hoton mai shagon a jiki. Masu buroshi suka ce wannan ai ba zane ba ne, aikin inji ne. Samarin suka yi dariya, suka ce tsofaffi ba sa son ci gaba. Yau samarin nan sun yi furfura, kuma kalmomin da aka faɗa musu su ne suke faɗa wa manhajojin zamani, kusan harafi da harafi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Amma tsofaffin sun yi kuskure a lokacin, kuma yana da kyau a faɗi inda kuskuren yake, don a nan maganar take. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai dizain a wancan zamani ya san hannu bai fita daga aikin ba, wuri kawai ya sauya. Yanke hoton mutum daga bayan da aka ɗauke shi, a bi gefen rawani da gemu ɗigo bayan ɗigo, aikin sa'o'i ne, ga ciwon wuya, ga fargabar a ɗauke wuta ba a adana ba. Mai aikin yana zaune a kan benci a gefenka yana ba da umarni. "Malam, ɗan ƙara mini haske." "Wannan hular ta karkace." "A sa hoton Alhaji a sama, nawa a ƙasa, kada a ce na yi rashin kunya." Mai dizain na kirki ya san waɗannan tun ba a faɗa ba. Ya san a kalandar biki sunan wane gida ake fara sawa. Ya san fastar ta'aziyya ba ta son launi mai ihu. Ya san a fastar fim wane jarumi ne in aka ƙanƙanta kansa za a yi rigima. Ko haruffanmu masu lanƙwasa sai da aka yi musu yaƙi: kwamfutocin farko ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, har sai da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da salon haruffa na Rabi'at da Abdalla a shekarun 1990, kuma kafin su yaɗu wasu da hannu suke ɗora wa kowane harafi ƙugiyarsa.

Su ma ba waliyyai ba ne. Hotunan 'yan fim ɗin Indiya nawa aka kwaso aka manna a bangon littattafan soyayya ba tare da sanin masu su ba? Gidajen ƙasashen waje nawa aka saka a bayan ango da amarya? Kwafe aikin wani a goge sunansa ba yau aka fara ba, kuma ba inji ne ya koya mana ba.

Shekarar 2022 ce ta sauya lissafi da manhajojin AI masu haɗa hoto. A cikinta DALL-E 2 na kamfanin OpenAI ya fito a Afrilu, Midjourney ya buɗe wa jama'a ƙofa a Yuli, Stable Diffusion ya biyo a Agusta. Kafin shekarar ta fita, wani Ba'amurke mai suna Jason Allen ya ci na ɗaya a rukunin zanen kwamfuta na gasar baje kolin jihar Kolorado da hoton da Midjourney ya haɗa masa. Kyautar dala 300 ce kacal, amma ƙurar da ta tayar ta zagaye duniya. Da ya nemi a yi masa rajistar mallakar hoton, ya ce sai da ya gyara umarninsa aƙalla sau 624 kafin ya sami abin da yake so. Ofishin kare haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi a 2023, bisa hujjar cewa doka aikin ɗan'adam take karewa, kuma bayar da umarni ba shi ne yin zane ba. A Maris na shekarar hoton Fafaroma Francis cikin wata ƙatuwar farar rigar sanyi ya ruɗi miliyoyin mutane, alhali bai taɓa sa ta ba. A Afrilu kuma Boris Eldagsen, ɗan Jamus, ya ƙi karɓar kyautar da ya ci a gasar ɗaukar hoto ta Sony, ya bayyana cewa hoton nasa ba da kyamara aka ɗauka ba. Mu abin ya shigo mana ɗaki sosai a Afrilun 2024, da kamfanin Meta ya saka tasa manhajar cikin WhatsApp da Facebook ga mutanen Najeriya da Ghana. Daga nan ba sai ka je shago ba.

Injin ba ya zane yadda mutum ke yi. An tara masa hotuna ne masu yawan gaske, kowanne da bayanin da aka rubuta a ƙarƙashinsa. Rumbun da wata ƙungiyar Jamus mai suna LAION ta haɗa, wanda Stable Diffusion ya yi koyo daga ɓangarensa, yana da hotuna sama da biliyan 5, duk an kwaso su daga intanet. A wajen koyo ana dagula hoto da ɗigo-ɗigo har ya ɓace, a sa injin ya riƙa gwada dawo da shi, sau ba adadi, har ya gane irin siffar da ke tafiya da kowace kalma. In ka ba shi umarni, daga dagulallen fili yake farawa, yana sharewa har wani abu mai kama da kalmominka ya bayyana. Ke nan duk abin da ya iya, daga hannun mutane ya samo shi, kuma ba a nemi izininsu ba. Wannan ne ya sa a Janairun 2023 wasu masu zane uku, Sarah Andersen da Kelly McKernan da Karla Ortiz, suka kai wasu kamfanonin AI kotu a Kaliforniya, kamfanin Getty Images ma ya shigar da tasa ƙarar yana cewa an kwashe masa hotuna sama da miliyan 12.

Kukansu shi ne an ɗebi nasu. Namu kukan kusan akasin haka ne: ba mu da yawa a rumbun. Abin da aka ɗauka hoto aka sa a intanet da cikakken bayani game da ƙasar Hausa kaɗan ne, don haka in ka ce wa injin ya ba ka basaraken Hausa, sai ya cike giɓin da abin da ya fi sani. Rawanin ya zo rabi na Buzaye rabi na Indiya. Aikin rigar ya yi ƙyalli amma ba aska takwas ba ne, ba aska biyu ba, wasu layuka ne da babu maɗinkin da zai san sunansu. Gidan ya fito da ƙofofin Maroko ko bangon masallacin Jenne na Mali, babu zanko, babu zaure. Bai san cewa a Kano rawani mai kunnuwa biyu na gidan sarauta ne ba, sai ya naɗa wa mai sayar da rake. Bai san ja da kore na dogarai ne ba. In ya yi allon almajiri, rubutun da ke kai daga nesa kamar Larabci, in ka matso ba ya karantuwa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da ke tsince takarda daga ƙasa don tsoron ko da sunan Allah a jiki.

Kada dai mu jingina da kurakuransa. Shekarun baya da yatsu shida ake gane aikinsa, yanzu ya gyara hannu ƙwarai. Rawanin ma zai koya in an ciyar da shi isassun hotuna. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kafin ya koyi namu, mu mun fara koyon nasa. Yaron da ya buɗe ido da waɗannan hotuna a waya da littafi, su zai ɗauka su ne kamannin kakanninsa, in ya je Gidan Makama ya ga na gaske sai ya ga kamar ba su kai ba.

Amfaninsa kuwa a fili yake, wanda ya musa bai shiga kasuwa ba. Matar da ke haɗa humra a cikin gida, jarinta bai kai ta ɗauki mai hoto da mai dizain ba, yau tana da talla mai kyau da kuɗin data kawai. Marubuciyar da ke sakin labarinta babi-babi ta samu bango ba tare da ta saci fuskar wata baiwar Allah daga Instagram ba, kuma wannan ci gaba ne na gaske, domin an sha ganin hoton 'yar mutane a kan labarin da ba ta san da shi ba. Malamin firamare na iya nuna wa yara cikin ƙasa da saiwar gero. Kuma a hannun mai ido abin yakan yi magana. Malik Afegbua, wani mai shirya fim a Legas, ya haɗa hotunan dattawa maza da mata suna taku a dandalin nuna tufafi, cikin shiga ta alfarma, duniya ta ɗauka a farkon 2023. Ya ce rashin lafiyar mahaifiyarsa ce ta sa shi tunanin yadda ake ture tsofaffi gefe. Injin ya fitar da hotunan, amma damuwar tasa ce, shi ya zaɓa, shi ya zubar da waɗanda ba su yi ba. Ban ga dalilin hana shi sunan mai fasaha ba.

Inda ba ni da sassauci shi ne tarihi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817. Ba a bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto ba sai a 1839, a birnin Faris. Saboda haka duk hoton kyamara da aka ce na Shehu ne ƙarya ne, kuma tun kafin AI ana yawo da irinsu. Yanzu ƙirƙirar su ta zama wasan yara. Ga Sarauniya Amina, ga Bayajida a bakin rijiyar Kusugu, da ƙurar doki da gumi a goshi, kai ka ce wani ya tsaya a wurin da kyamara. Zanen hannu, ko na buroshi ko na kwamfuta, yana faɗa maka da kansa cewa hasashen wani ne, kana iya neman mai shi ka ce ina ka samo wannan sulken. Wannan kuwa shigar shaida yake yi. Haka nan tsohon hoton kaka da ya dushe, a ba injin ya gyara: zai dawo da shi tas, da launi, amma inda fuskar ta goge ba tunowa yake ba, ƙirƙira yake. Sai a rataye a falo, jikoki su girma suna kallon hancin da ba nata ba. Iyayenmu sun ce gani ya kori ji. Yanzu sai an bi gani da tambaya.

Masu kwantar da hankali sukan kawo misalin hula, kuma misali ne mai kyau. Ɗinkin inji ya cika kasuwa, amma mai saye har gobe yana juya hula ya duba cikinta, in ya ga ɗinkin hannu ne ya biya ninki ba gardama, domin araha ba ta ado. Ana iya ƙarawa da Alƙur'ani: zuwan maɗaba'a bai kashe rubutun hannu a Kano ba, sai ma aka riƙa ɗaukar rubutun gwanaye irin su Sharif Bala Gabari ana buga shi da yawa, ya shiga tsangayun da mai shi bai taɓa takawa ba. Inji ya ɗauki hannu ya kai shi nesa, da sunan mai hannun a jiki. To amma misalin hular yana da gefen da ba a cika juyawa ba. Mai sayen hula yana da cikin da zai duba, hoto a waya ba shi da ciki. Sannan ɗinkin hannu ya tsira ne a matsayin kayan masu hali. Gwani ɗaya zai ci abinci, goma su nemi wata sana'a.

Su goman nan ne abin dubawa, musamman masu tasowa. Babu wanda ya fara da bangon littafi mai tsada. Da katin suna ake farawa, da sitikar biki, da tallan makarantar Islamiyya, a ɓata a gyara, maigida ya yi tsawa, abokin ciniki ya dawo da aiki. A waɗannan ƙananan ayyuka ido ke nuna. Su ne kuma injin ya fara cinyewa, don su ne mai su ke cewa ai ko yaya aka yi ya isa. In matakalar ƙasa ta tafi, ta ina gwanin shekara ashirin masu zuwa zai hau? Waɗanda suke cikin sana'ar ma sun fara jin sabuwar magana daga abokan ciniki: "Haba Malam, ai yanzu kwamfuta ce ke yi, me za a biya?" Har wanda ya kwana yana zane da alƙalamin allon kwamfuta sai ya nuna matakan aikinsa kafin a yarda shi ya yi.

Ba na cikin masu cewa a ƙaurace wa manhajojin nan, ba zai yiwu ba, kuma mai dizain da ya ƙi koyonsu kansa ya cuta. Ga tallan sabulu da gaisuwar Juma'a, kowa ya yi abin da aljihunsa ya iya. Amma akwai ayyukan da kuskure a cikinsu gado yake zama: littattafan 'yan firamare, littattafan tarihi, hotunan gidajen adana kayan tarihi, bangon littafin da marubuci ke son a karanta bayan ransa. Ina kira ga maɗaba'u da hukumomin ilimi da marubutanmu, irin waɗannan a ba mutum, wanda ya san bambancin kube da zanna bukar, wanda in ya yi kuskure za a iya kiransa ya gyara. A biya shi kuɗin aikinsa cikakke, a rubuta sunansa a littafin. In kuma da inji aka yi hoton, a rubuta haka a ƙarƙashinsa, mai karatu ya san abin da yake kallo.